Yaro ya gama JHS a Kumasi: sakandare, makarantar fasaha, ko hannun masta?

Da zarar sakamakon BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare (JHS), ya fito, kwamfuta ta fara raba yara makarantu, magana ɗaya ce ke yawo a gidajen Aboabo, Asawase, Sawaba da Zangon Tafo: me za a yi da yaron nan? Uwa tana so ya ci gaba da karatu, don ba ta son ya sha wahalar da ubansa ya sha. Ƙanenta da ke da gareji a Magazin, matattarar masu gyaran mota ta Suame, yana cewa, "Yaya, ki ba ni shi kawai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Uban kuma idan ya dubi ɗan maƙwabcinsa da ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, har yau yana yawo da takardu ofis-ofis, sai jikinsa ya yi sanyi. Kowannensu yana da hujja, ba kuma wanda ke nufin yaron da sharri. Abin da ke damuna shi ne a gidaje da yawa ba a zama a auna hanyoyin nan. Wanda muryarsa ta fi ƙarfi, ko wanda kuɗin ke hannunsa, shi ke yanke hukunci.

Bari in faɗi inda na tsaya tun da wuri. Ba na ganin karatu ya fi sana'a daraja, ba na kuma ganin sana'a ta fi karatu albarka. Abin da nake kallo shi ne wace hanya ce idan an bar ta yau za a iya komawa gare ta gobe, wacce ce kuma idan ta wuce ta wuce. Saurayi ɗan shekara 18 zai iya shiga gareji ya koyi aiki, har ya fi ɗan shekara 15 saurin kamawa. Amma magidanci ɗan shekara 25, mai mata da ɗa, da wuya ya koma aji ya zauna neman WASSCE, takardar gama babbar sakandare. Shekara ukun nan da ke bin JHS su ne mafi arha a duk rayuwar karatun yaro, kuma ba sa dawowa. Duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan ya ginu.

Iyayenmu da suka guje wa boko ba wauta suka yi ba. Kakanninmu fataucin goro da shanu ya kawo su ƙasar nan ta Ghana, da yawa sun gangaro Kumasi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, kuma makarantun da suka tarar na 'yan mishan ne. Mutum ya ga idan ya kai ɗansa zai dawo masa da wani suna da wani addini, sai ya riƙe shi a makarantar allo da kasuwa. To amma zamani ya juya. Makarantar T.I. Ahmadiyya ta Kumasi tun 1950 take. A 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, makarantunmu na Islamiyya da yawa suka shiga tsarin gwamnati. Yau akwai Islamic Senior High a Abrepo, akwai Sakafia a Sawaba, akwai Azhariyya a Tafo. Tsoron bai gushe ɗungurungum ba, kowa ya tuna taƙaddamar 2021 a kan azumin wata ɗaliba a Wesley Girls ta Cape Coast. Amma yanzu uba yana da inda zai kai 'yarsa ta yi karatu da hijabinta, ta yi salla a kan lokaci.

Mu fara da sakandare. Tun watan Satumba na 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta, da na kwana, da na abinci a makarantunta. Duk wanda ya kai yaro ya san kyautar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba: akwai katifa, akwai akwati da kayan tsaraba na gari da sukari da madara, akwai kuɗin mota, akwai kuɗin darasin ƙari da malamai ke yi. Yawan ɗalibai kuma ya sa a 2018 aka raba su gida biyu suna shiga makaranta bi da bi, wasu na aji wasu na gida, yara suka riƙa yin dogon hutu suna zaman majalisa a bakin titi. Duk da haka, idan ka kwatanta da yadda ake ciki kafin 2017, lokacin da yaro zai ci jarrabawa ya samu gurbi a manyan makarantu irin su Prempeh ko Opoku Ware amma ya zauna gida saboda kuɗin shiga, nauyin ya ragu ƙwarai.

Me yaro ke fita da shi? Takardar WASSCE. Ita kanta ba ta ciyar da kowa, amma ita ake tambaya a ƙofofi da yawa: jami'a, kwalejin malamai, makarantar jinya, ɗaukar soja, ɗan sanda, kwastan, shige da fice. Sai dai ba kowace takarda ke buɗe ƙofar ba. Don karatun digiri ana neman aƙalla C6 a darussa shida, cikinsu dole da Turanci da lissafi. A nan 'ya'yanmu da yawa ke maƙalewa. Yaro ya fito da D7 ko E8 a lissafi, sai a shiga biyan kuɗin Nov-Dec, wato sake zana jarrabawar a ƙarshen shekara, shekara ɗaya, shekara biyu, har ya gaji ya kama tuƙin pragya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja. Wannan shi ne babban raunin sakandare: yaron da ya yi General Arts ya fito da sakamako mai rauni, kansa bai samu abin da zai kai shi gaba ba, hannunsa kuma bai iya komai ba. Shi ne kawun nan na Magazin ke nunawa da yatsa, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ba ya faɗa shi ne, ko wannan yaron ya fito da iya karanta takarda, da rubuta wasiƙa da Turanci, da lissafin riba da faɗuwa, kuma idan ya shiga gareji yanzu waɗannan za su yi masa rana.

Hanya ta biyu ita ce aka fi mantawa da ita a zango, ita ce kuma nake ganin ta fi dacewa da yawancin yaran da ake jayayya a kansu: makarantar fasaha, wadda ake kira TVET. Muna da Kumasi Technical Institute a cikin gari, akwai cibiyoyin da a da ke ƙarƙashin NVTI, hukumar koyar da sana'o'i da aka kafa tun 1970, wanda ke Akra kuma yana da Accra Technical Training Centre a Kokomlemle. Ana koyar da aikin lantarki, gyaran mota, walda, gini, kafinta, aikin famfo, gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, ɗinki da girke-girke. A 2020 majalisa ta yi dokoki biyu da suka tattaro wannan fanni wuri ɗaya, aka samu hukumar CTVET mai kula da manhaja da takardun shaida, da kuma hukumar da ke gudanar da makarantun. Makarantun fasaha na gwamnati suna cikin tsarin karatu kyauta, kuma ta kwamfutar nan ɗaya ake shigarsu.

Amfaninta shi ne yaro yana riƙe da abu biyu lokaci guda. Yana koyon aikin hannu, yana kuma ci gaba da Turanci da lissafi da kimiyya. Idan ya gama zai iya neman aiki, zai iya zuwa wurin masta, wato maigidan sana'a, ya goge hannunsa, zai kuma iya wucewa Kumasi Technical University. Tsarin takardun fasaha na ƙasar nan hawa takwas ne, daga shaidar ƙwarewa ta farko har zuwa digirin digirgir na fasaha, kuma kowane hawa yana kai mutum na gaba. Ga wani abu da iyaye ba sa kula da shi: tun dokar haɗa wayar lantarki ta 2011, mai aikin wuta sai ya samu shaidar Energy Commission, hukumar makamashi, kafin a amince da wayar da ya ja a gida. Yaron da ya bi ta makaranta ya fi sauƙin zana wannan jarrabawa a kan wanda ya koya da ido kaɗai.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Wasu makarantun injinansu sun tsufa, yara da yawa kan taru a kan inji ɗaya, kayan gwaji kuma ba sa isa. Yaro zai iya gama shekara uku ya iya zana injin mota a takarda da sunan kowane ƙarfe, amma idan aka kawo masa mota tana tari ba zai gane ciwonta ba, alhali tsaransa na gareji da jin ƙarar kaɗai zai faɗa maka. Maganin wannan a hannun iyaye yake, kuma a Kumasi mai sauƙi ne: duk hutu a tura shi wurin masta. Aibi na biyu a bakin mutane yake. Har yau akwai mai cewa makarantar fasaha ta waɗanda ba su da kai ce. Wannan magana ta cuci yara da yawa. Aikin lantarki da na injiniya lissafi suke ci, wanda ba shi da kai ba ya iya su.

Sai hanya ta uku, hannun masta, wadda ita ce ta riƙe zango tun fil azal. Wanda ya taɓa shiga Magazin ta Suame ya san ba ƙaramin wuri ba ne. Dubban mutane ne ke aiki a can: fita (makanike), mai walda, mai gyaran jikin mota, mai fenti, mai wayar mota, mai narka ƙarfe, mai sayar da kayan gyara. Daga Burkina da Mali da Nijar ana kawo manyan motoci. Jami'ar KNUST, babbar jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, da kanta ta ga darajar wurin, shi ya sa a 1980 ta buɗe cibiyar koyar da dabarun ƙere-ƙere a cikinsa. Kafintocin da a da ke Anloga suna Sokoban yanzu, masu gyaran waya suna Adum, teloli da masu surfani suna kowane lungu na Aboabo, mahauta suna mayankar Kaase. Babu makarantar da za ta koya wa yaro abin da waɗannan wurare ke koyarwa: yadda ake karɓar mai kawo aiki, yadda ake yanka farashi, inda ake samun kaya mai kyau da arha, yadda ake haƙuri da mutumin da ya riƙe maka kuɗi. Yaro yana fara taɓa kuɗi da wuri, ko da na koko da ƙosai ne, gida kuma ya samu sauƙi.

Amma mu daina cewa koyon sana'a kyauta ne. Akwai kuɗin shiga, akwai goro da lemo da ake kai wa masta, akwai kayan aiki, idan ɗinki ne akwai keke da kujera. Kullum akwai kuɗin mota da na abinci, shekara uku ko fiye, gyaran mota ma yakan zarce haka. Ranar yaye akwai nata kuɗin da hidimarta, wasu mastocin kuma sai yaro ya ƙara musu wasu watanni na godiya. Bayan duk wannan sai babban dutsen: jari. Kwantenar da za a yi shago da ita, wurin da za a dasa ta, mita, injin walda ko keken ɗinki na lantarki. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida gaba, amma kowa ya san a Kumasi shekara biyu ake nema. Shi ya sa za ka ga matashi ya yi yaye, ya iya aiki sarai, amma yana nan a gindin masta ana ba shi abin da aka ga dama, ko ya watsar ya koma tuƙin aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Uban da ya gudu daga kuɗin makaranta ya sani kuɗin yana jiransa a gaba, kuma a dunƙule zai zo.

Abu na biyu, wanda ya fi tsorata ni, shi ne ilimin yaro ba ya wuce na mastansa, sana'o'in kuma suna sauyawa da sauri. Motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ke tafiyar da su. Ana jona musu na'ura ta fitar da lambobi da bayani da Turanci, sai mai gyara ya karanta, ya bincika a intanet. Manyan mastoci waɗanda suka yi shekara talatin suna kwance inji suna ɗaurawa, yau wasunsu sai sun kira yaro mai na'ura kafin su taɓa mota. Haka abin yake a aikin sola, da firij na zamani, da gyaran waya. Wanda za a ba kwangilar kamfani ko ta gwamnati sai ya iya rubuta ƙiyasin kuɗin aiki, ya yi rajistar sana'arsa, ya nuna takarda. Yaron da aka cire daga karatu yana shekara 15, bai gama kama karatu da rubutu ba, zai iya zama gwanin hannu, amma sau da yawa wani ne zai karɓo aikin ya ba shi ladan yini.

Na uku, ba kowane masta ne malami ba. Wani shekarar farko gaba ɗaya aike ne da shara da wankin kayan gidansa. Wani yana ɓoye sirrin aiki don kada yaro ya tashi ya kwashe masa mutane. Wani duka ne da zagi. Dokar yara ta 1998 ta yi magana a kan wannan ƙarara: ba a ɗaukar ɗan koyo sai ya kai shekara 15 ko ya gama karatun tushe, wajibi ne masta ya koyar da shi iyakar iyawarsa, ya kula da lafiyarsa a wurin aiki, aiki mai hatsari kuma sai ɗan shekara 18. Mu a zango kunya kan hana mu tambaya, musamman idan mastan dangi ne ko abokin salla. A ce, "Alhaji, ga ɗanka nan," a yi fatiha, a watse. Fatiha tana da kyau, amma a haɗa ta da takarda: shekara nawa zai yi, me zai koya, nawa ne kuɗin yaye, wa ke ciyar da shi. A kuma tambayi yara nawa mastan ya yaye, ina suke yanzu. Idan yana cikin ƙungiyar masu gareji ko ta teloli ta ƙasa, ya fi, don akwai inda za a kai kuka. Kafin yaro ya bar wurin a tabbata ya zana jarrabawar ƙwarewa ya karɓi takardar gwamnati. Akwai ma tsarin da ke gwada wanda ya riga ya iya aiki a ba shi shaida ba tare da ya koma aji ba, kuma mastocinmu da yawa sun cancanci su nema wa kansu. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin koyon sana'a na ƙasa a 2025. Wanda ya samu shiga ya samu sauƙi, amma kada gida ya jingina lissafinsa gaba ɗaya a kansa.

Yanzu jami'a, wadda ita ce mafarkin uwa da fargabar uba. Kalmar "jami'a" tana rufe abubuwa da yawa da ba su yi kama da juna ba. Wanda ya samu likitanci ko haɗa magunguna a KNUST zai yi shekara shida, amma ba ya cikin sahun masu yawo da takardu irin na ɗan maƙwabci. Injiniya, kwamfuta, lissafin kuɗi, shekara huɗu ne, kasuwarsu kuma ta dogara da ƙwazon mutum da abin da ya iya yi a zahiri. Sai kuma kwasa-kwasan da yaro ke karɓa don kawai su aka ba shi, bai san inda za su kai shi ba, gida kuma ba wanda ya tambaya, tunda an ce ya samu jami'a sai murna. A nan yawancin baƙin cikin yake. Matsalar ba ƙarama ba ce: a 2018 gwamnati ta buɗe shirin NABCO ta ɗauki masu digiri da difloma kusan 100,000 a kan sidi 700 a wata, shirin ya ƙare a 2022, da yawa suka koma inda suka fito.

Ta fuskar kuɗi an samu sauƙi ta wasu ɓangarori. Tun 2022 ɗalibi na iya neman bashin karatu da katin ɗan ƙasa ba sai da mai tsaya masa ba, a 2025 kuma gwamnati ta fara ɗaukar kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantunta. Abin da ke karya iyaye shi ne ɗakin kwana a Ayeduase ko Kotei ko Bomso, da abinci, da kwamfutar hannu. A nan mu mutanen Kumasi muna da gata da ba ma lissafawa. Yaron Aboabo ko Asawase zai iya kwana a ɗakin uwarsa, ya ci tuwon gida, ya hau trotro, motar haya, ta Anloga Junction ya sauka Tech Junction, bakin KNUST. Wanda ya fito daga Bawku ko Wa ba shi da wannan.

Tsakanin jami'a da gareji akwai wata matsakaiciyar hanya. A 2016 aka fara mayar da kwalejojin kimiyya da fasaha jami'o'in fasaha, ciki har da ta Kumasi da ta Akra. Ana yin HND shekara uku, ko digirin fasaha shekara huɗu, sharuɗɗan shiga HND kuma sun fi na digiri sassauci. A Tanoso akwai makarantar da aka sani da AAMUSTED, wadda ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 2020, aikinta horar da malaman fasaha da masu son kafa sana'a. Wanda ya haura shekara 25 kuma akwai ƙofar manya, inda ake shiga da jarrabawa ta musamman. Tana nan a buɗe, sai dai wanda ya daɗe da barin littafi yana shan wuya kafin ya wuce ta.

Kwalejin malamai da makarantar jinya su ne zaɓin da iyaye mata suka fi so wa 'ya'yansu, kuma na fahimci dalili. Akwai ɗan alawus lokacin karatu, aikin kuma sananne ne. Tun 2018 kwalejojin malamai digiri na shekara huɗu suke bayarwa, sai kuma neman lasisin koyarwa. Muna da Wesley da St. Louis a Kumasi, akwai Al-Faruq ta Musulmi a Wenchi. Jinya difloma ce ta shekara uku, akwai makarantarta a jikin asibitin Komfo Anokye. Abin da ya kamata a sani shi ne gama karatu ba shi ne fara aiki ba. Sai ma'aikatar kuɗi ta ba da izinin ɗauka, kuma ma'aikatan jinya da yawa sun yi shekaru a gida suna jira. Idan an tura mutum ma ba lallai Kumasi ba ne, ƙauye mai nisa ne sau da yawa, wannan kuma magana ce da ya kamata a yi da wanda zai auri yarinyar tun kafin a ɗaura. Duk da jiran nan ina goyon bayan wannan hanya da zuciya ɗaya, don duk macen zango da ta je haihuwa ta tarar da ungozoma mai jin Hausa, mai sanin abin da take jin kunyarsa, ta san amfanin da kuɗi ba ya aunawa.

Tunda na taɓo 'ya'ya mata, bari in ƙara. Su aka fi saurin yanke wa hukunci. Yarinya ta gama JHS, sai a ce ta je ɗinki ko kitso kafin miji ya fito, kamar sana'ar wurin jira ce. Sau da yawa auren kan zo kafin yaye, ta tashi ba karatun ba sana'ar. Idan ɗinki take so da gaske, makarantar fasaha tana koyar da shi tare da zanen kaya da lissafin awo, tana kuma ba da takarda, daga nan ta iya wucewa sashen ɗinki da zane na Kumasi Technical University. Ɗinkin ɗaya ne, amma wadda ta bi ta nan za ta iya karɓar kwangilar kayan makaranta guda, ta ɗauki yara, ta koyar. Kuma ba a rubuta ko'ina cewa mace ba ta aikin lantarki ko gyaran waya ba.

To wane yaro, wace hanya? Wanda sakamakonsa ya yi kyau, yana son littafi ba sai an kore shi ba, a kai shi sakandare, a kuma sa ido a kan lissafi da Turanci tun shekarar farko, don gyaransu a shekara ta uku ya makara. Wanda karatunsa tsaka-tsaki ne amma hannunsa ba ya zama, kullum yana kwance rediyo ko keke, makarantar fasaha ce wurinsa, da gareji a lokacin hutu. A ganina nan ne mafi yawan yaranmu suka faɗa, nan ne kuma muka fi yin kuskure, muna tura su General Arts don a ce suna sakandare. Wanda ya tsani aji ƙwarai, an yi lallashi an yi faɗa bai ji ba, tilasta masa ɓata shekara uku ne, kuma zaman banza a unguwa ya fi komai hatsari, ga masu ƙwaya, ga masu damfarar intanet, ga masu zuga yara su bi hamada zuwa Libiya. Wannan a nema masa masta nagari, a rubuta yarjejeniya, a kuma tsaya sai ya iya karatu da rubutu da lissafi ko da darasin dare ne. Gidan da talauci ya kai ba za a iya jiran shekara uku ba, ba ni da bakin zarginsu. Sai dai kafin a yanke, a gwada makarantar jeka-ka-dawo kusa da gida, yaro ya riƙa zuwa wurin aiki da yamma da ƙarshen mako. A kuma buɗe baki a gaya wa dangi da jama'ar masallaci. Kuɗin da muke kashewa a anko da hidimar biki ɗaya zai riƙe ɗalibi zangon karatu guda.

Karatun addini bai shiga wannan awo ba, don ba a musayarsa da komai, kuma yana tafiya da kowace hanya daga cikinsu. Abin lura ɗaya ne: ɗalibanmu da suka tafi Azhar ko Madina ba tare da WASSCE ba, da yawa sun dawo da ilimi mai zurfi amma suka rasa gurbi a tsarin aikin ƙasar nan. Wanda ke da wannan niyya ya fara kammala sakandare.

Saura magana ɗaya, ita ce lokaci. Shawarar da ake yi bayan sakamako ya fito ta riga ta makara da rabi, domin fom ɗin zaɓen makarantu an saba cika shi ne kafin nan, yaro yana aji uku na JHS. A kansa ake rubuta makarantun da ake so, da sashen karatu, da kwana ko jeka-ka-dawo, kuma da abin da ke kansa kwamfuta ke aiki. A gidaje da yawa yaro ne da abokansa ke cikawa, ko malami ya cika masa, uba ya dangwala hannu bai san abin da ke ciki ba. Ƙa'idojin fom ɗin suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka uba ko uwa su taka da ƙafarsu zuwa makarantar, su zauna da malamin ajin, su tambaye shi gaskiyar ƙarfin yaron a lissafi da Turanci da kimiyya, su nemi a nuna musu jerin makarantun fasaha da ke cikin zaɓin. Wanda ba ya jin Turanci ya tafi da wani babban ɗa na unguwa ya fassara masa. Idan da hali, kafin a sa hannu, a ɗauki yaron a kai shi Kumasi Technical Institute ya leƙa ɗakunan aiki, a kai shi Magazin ya yini, sannan a tambaye shi abin da ya gani.